Ɗiyar Masunci, Ba Tafki

Awa uku a motar haya kafin Oruro,
ni da jakar leda mai takardu tara,
da busasshen dankalin da inna ta ƙulle min a bakin mayafi.
Mai shagon kwamfuta ya ce minti talatin,
in na wuce, sai na ƙara kuɗi.

Suna: Delfina Huanaco Choque.
Wannan bai ba ni wuya ba.
Sana'ar mahaifi:
na rubuta masunci, na goge,
na rubuta leburan gishiri, na goge,
na mayar da masunci.
Ai ba shi ya bar ruwa ba,
ruwa ne ya bar shi.

Gurbi na bakwai ya ce,
kawo shaidar ke 'yar asalin ƙasar nan ce.
Na dubi allon, allon ya dube ni.
Yau kuma kifi ake tambaya shaidar iyo.
Hatimin shugaban ƙauyenmu yana nan,
tawada ta yi masa ƙaranci,
sai da Tata Evaristo ya hura masa numfashi sau biyu kafin ya kama.
Amma shaidar da na sani ba ta shiga injin ɗaukar hoto:
kwalekwalen kakana a kife kan laka mai tsagewa,
kaji na kwana a ƙarƙashinsa,
da kalmomi goma sha ɗaya da suka rage a bakin kakata
daga harshen da ya riga tafkin ƙafewa.

Gurbi na tara:
me kike son karantawa, kuma don me?
Kada ki haura kalma ɗari uku.

Kimiyyar ruwa.
Saura ɗari biyu da casa'in da takwas.

Ina 'yar shekara takwas kifaye suka taso ciki sama,
warinsu ya kori karnuka.
Wasu mutane suka zo a farar mota,
da safar hannu, da kwalabe masu lamba,
suka ɗebi ruwanmu kamar masu ɗibar magani,
suka ce za su dawo da sakamako.
Na gama firamare, na gama sakandare,
har yau ƙurar motarsu muke jira.
Ina so in zama mai riƙe kwalbar.
Ina so in san me mahaƙa suka zuba a kogi,
da sunansa, da nauyinsa,
in zauna a ƙasa in faɗa wa mutanenmu
ba da tafinta ba.

Ban rubuta abin da kaka ta ce da asuba ba:
"Ɗan Felisa ma haka ya tafi,
yanzu hotonsa muke gaisarwa.
Ke dai in sun koya miki auna ruwa,
ki tambaye su ina suka kai namu."

Wasiƙar Malam Sabino ta ƙi hawa.
Ƙaramin zoben nan yana ta juyi, yana ta juyi,
mai shago yana ƙwanƙwasa agogo da farce.
Na ba shi kuɗin abincin rana.
Ta hau.
Na danna.
Lambar da suka ba ni na rubuta a tafin hannu,
na dunƙule shi har tasha.

A hanyar komawa wata ya fito,
farin gishiri ya ɗauki ido
har wata tsohuwa a bayana ta ce, "Kai, kamar dā."
Ba wanda ya tanka.

Na tarar da baba a ƙofar gida,
fitila a gefe, raga a cinya.
"An ba ki?"
"Sai watan Maris za a ji."
Ya gyaɗa kai, ya lashi bakin zare,
ya ci gaba da ɗinke inda ta yage.