Shagon Sahiya, Bayan La'asar

Shekara ashirin da bakwai na yi a bakin jistis na Tawa,
daktilo bisa cinya, karbon biyu tsakanin takardu uku.
Harafi guda in ya kauce, dala biyar ta tafi.
Yau ga ni a Wadata, gaban ordinata,
hannuna na rawa a kan ɓera
kamar ban taɓa riƙe komi ba.

Ta ce, Baba Nomau, bar farin filin tukuna,
ɗaga kai. Kayan aikin suna can sama a rataye
kamar a rumfar maƙeri.

Na ɗaga. Ga almakashi. Ga burushin mai fenti.
Ga G, baƙi ƙirin, ƙato,
ga I ya karkata yana sauraren gulma,
ga S zaune kan tabarmarsa.
Na shafa sunan alƙali, na danna G,
sunan ya kumbura ya cika kujera,
sak mai shi.

Da na rubuta nawa
sai jan zare ya murɗe a ƙarƙashi.
Nomau kuskure ne. Tawa kuskure ce.
Har gaisuwar ma kuskure.
Ta yi dariya: faransanci kaɗai ya sani,
danna ta dama, ka ce ya ƙara a ƙamus.
Tun ranar nake koya masa magana,
kalma guda, dannawa guda.

Ran Talata yatsana ya yi tuntuɓe sau biyu,
rumfar duka ta ɓace.
Ba almakashi, ba G, ba kowa.
Na fara lissafin tumakina biyu da kuɗin injin,
na kare allon da kafaɗa, gumi na bin wuya.
Sahiya ba ta ko ajiye shayinta ba,
ta taɓa wani ɗan ƙugiya a lungu,
kaya suka dawo kowa a ƙusarsa.

Akwai ɗan akwati shuɗi na ajiya.
Na ce disket ce wannan, na riƙe irinta da hannuna.
Ta ce ba ta taɓa gani ba.
Muna cikin musu kuran ya ɗauke,
shafi biyu suka bi shi.
Yanzu kowane layi uku sai na ƙwanƙwasa akwatin.

Kibiyar nan mai lanƙwasa baya ce ta tsayar da ni.
Ka goge, ka danna, abin ya dawo.
Ka ɓata, ka danna, kamar ba a yi ba.
Na tuna Tsahara ta Bilbis, takardar filinta,
inda na buga takwas a gurbin uku,
ta yi wata huɗu tana zarya tsakanin ofisoshi
da ɗa a baya.

Na danna kibiyar sau goma a kan farin shafi.
Sahiya ta ce, Baba, ai babu abin da za ta mayar.
Na ce na sani.
Nuna mini inda ake sa lambar shafi.