Ƙuri'a a Bakin Farin Nilu

A Kosti nake dafa shayi, gindin darbejiya,
kusa da inda jirgin Juba ke ɗaure igiya.
Morag mai gyaran famfo ta zauna kan bencina,
rana ta mai da wuyanta jan gauta.

Ta ce can Sikotlan an taɓa tambayarsu:
a zauna da Ingila ko a raba gari?
Ubanta ya ce a zauna, yana tsoron fanshonsa.
Ƙanenta ya ce a ware, man da ke teku nasu ne.
Ita ma warewa ta zaɓa,
amma kada a rufe mata ƙofar Turai.

Na ce, kin bar ɗaki, kin riƙe zaure?
Ta yi dariya: ɗakin gado na yi,
zauren ni na shiga da ƙafata.

Ban ba ta labarin Acol ba.
Shekara sha ɗaya muna raba buhun gawayi.
Ranar ƙuri'ar Kudu ta dawo da tawada a yatsa,
idonta na kan ƙasa.
Na ce, laifinmu ne?
Ta ce, Ladiyo, ba ke ba ce.
Ɗan sandan da ya kifar min da tukunya ne,
da sunan da ake kiran ɗana a makaranta.

Murhunta ta bar min. Shi ne wannan.

Kakana daga Haɗeja ya taso, Makka ya nufa,
guzuri ya ƙare a nan.
Shi ba wanda ya miƙa wa takarda.

Morag ta miƙo kofi.
Na ƙara mata, ban sa sukari ba.