Littafin Awon Baba Modi

Shekara ashirin da bakwai ina yi wa gidan sistoci ɗinki
daga shagona na Mabera, bayan mai niƙa.
Ban taɓa wuce falon baƙinsu ba,
amma littafin awona ya san su ɗaya bayan ɗaya.

Sabuwa takan zo da akwatin kwano,
jar ƙasar garinsu ba ta gama fita daga dunduniya ba.
Baƙin siket, farar riga, shi ke nan rabonta.
Mai neman shiga, haka suke kiranta.
Nakan bar mata inci biyu a kalmasa,
don ban sani ba, jiki za ta yi ko gida za ta koma.

In ta daure, in zafin bazara bai kore ta ba,
sai a aiko mini farin yadi.
Shekara biyu ba biki, ba ganin gida,
tana koyon shiru kamar mai koyon saƙa.
Kyauta da kuka ta shiga ajin nan,
mayafin da na yanka mata har ya so ya fi ta tsawo.

Sai masu alkawarin shekara-shekara,
kamar ɗakin haya: lokaci ya cika, a sake zama.
Rahila a nan ta tsaya.
A ta huɗu ta shigo da leshi a leda,
ta ce, "Baba, na aure ne."
Na ɗauko tef, ban tambaye ta komai ba.

Mai alkawarin har abada, an ce mini,
rubda ciki take yi a gaban bagadi, ta tashi da zobe.
Sista Filomina tana shafi na tara.
Tun daga ranar ban sake yi mata sabon awo ba,
faci kawai, kullum a gwiwa.

Akwai kuma waɗanda ba sa kwana a ciki.
Maman Bitrus mai tuwo a tasha,
miji direba, 'ya'ya shida,
ɗan ƙyalle take ratayawa a ƙarƙashin riga,
bai kai tafin hannu ba.
Ran Asabar ta yi addu'a tare da su, ta koma kan murhu.
Ta ce ita ma 'yar gida ce.
Ban musa ba:
da ragowar yadin Filomina na ɗinka mata.

Jiya Kyauta ta zo da kanta,
da zobe, da tabarau, da makullan gida a ɗamara.
Filomina ta cika da asuba, ana son rigar ƙarshe.
Na ce ba sai an auna ba.
Har ta kai ƙofa ta juyo:
wata yarinya na tafe daga Zuru ran Litinin.

Ladan ya kira la'asar.
Na ajiye almakashi, na ɗauki buta.
Da na dawo na buɗe sabon shafi,
ban san sunanta ba tukuna,
na dai rubuta: inci biyu.