Jigawar Brandon

A Brandon, can ƙasar Ingila,
na tsugunna na damƙi ƙasa,
ta zurare tsakanin yatsuna
kamar gero daga yagaggen buhu.
Na yi dariya ni kaɗai.
Ashe teku na ƙetare
don in iske jigawar Maigatari
ta riga ni zuwa, tana rawar ɗari.

Tsoho Garrod, mai gonar, ya ce:
"Ƙasar nan ba ta da riƙo.
Ka shayar da ita da safe, kafin azahar ta manta.
Wani Afrilu iska ta kwashe min irin karas kakaf,
ta kai wa maƙwabci,
ko godiya bai yi ba."

Na ce mu ma haka take mana.
Amma Baffa Jatau ba ya zaginta.
Cewa yake rairayi maraya ne,
ba a barin sa ya kwana tsirara.

Sai muka daina tone mata ciki.
Garma ta shekara uku a rumfa tana cin tsatsa.
Da an cire albasa,
mu watsa sha'ir da wake,
ba don rumbu ba, don ta samu mayafi.
Tumakin Misis Thurlow su zo da sanyi,
su ci kore, su biya da taki.
Ganyen da aka share a titunan Thetford
mu jibge shi ya ruɓe, ya yi baƙi,
mu kai mata kamar kunun mai jinya,
kaɗan kaɗan.

Babu gawo a nan.
Sai jerin itatuwa masu ganyen allura,
duk wuyansu ya karkace
don daɗewa suna gardama da iska.

Shekara ta biyu ba mu ci riba ba.
Garrod ya daina yi min magana har mako guda.

A ta huɗu, wata Talata ana yayyafi,
ya kira ni da ihu, na zaci ya yanke.
Na same shi durƙushe cikin taɓo,
tafin hannunsa a buɗe:
tana ce.
Tana guda, ja, tana motsi.

Shekarunsa saba'in da ɗaya,
bai taɓa ganin ta a wannan fegin ba.
Muka mayar da ita raminta,
muka rufe da ganye.

Baffa, ƙasar ta fara tunawa.