Kunnen Gidaɗo

A bayan Tashar Dukku, ƙarƙashin dalbejiya,
aka kawo mana ita da hantsi,
baƙa wuluk, cikinta na shafar ƙasa
kamar kyanwa ta hango ɓera.
Mai ita, Nafi'u, yana juya makulli a yatsa:
"Yadda kamfani ya ƙera ta, haka take.
Dillalin har rantsuwa ya yi min."

Oga Gidaɗo bai tanka ba.
Ya furzar da tukar goro, ya ce a tayar.

Ya sunkuya, ya ba injin kunnen hagu,
na daman janareto ya cinye tuntuni.
"Taka totur. Sannu. Ƙara."
Motar ta yi jim kamar wanda aka tuna wa bashi,
sannan fito ya taso daga cikinta,
ba siririn nan da muka saba ji ba,
wani mai kauri, na maƙogwaro.
Da aka ɗaga ƙafa, ta yi atishawa.

"Turbon gida ba ya jan aji haka," in ji shi.

Da ƙarfe ya huce, ya ce in kawo tocila.
Na zare bututun iska.
Bakin da yatsu huɗu kan cika,
yau ya haɗiye dunƙulen hannuna.
Farfelar ciki sai walƙiya, sassaƙa ce ba zubi ba.
Na ƙirga fukafukai, goma sha ɗaya.
"Na asalin shida ne. Sake ƙirgawa in kana so."

Ya shafa bayan dodon-koɗin da babban yatsa:
inda lamba take, magagari ya bi ta kai.
Notuna duk cizon sifana.
Tiyon mai sabo fil a cikin tsofaffi,
haƙorin Makka a bakin tsohuwa.

Nafi'u ya washe baki:
"Ashe ni na cuci dillali!"

Oga ya durƙusa, gwiwa tana ƙara,
ya leƙa ta tsakanin ƙarafan taya,
ya daɗe.
"Sun ƙara mata huhu, yaro,
amma birkin da aka haife ta da shi ne.
Hanyar Kaltungo ba ruwanta da yawan fukafukai."

Ya biya, har da na shayi.
Ya ce ranar Asabar zai dawo a sauya.
Muka ji fiton ya haye kwalta,
ya ratsa hayaniyar 'yan keke-napep,
Oga na tsaye, kunnen hagu yana bin sa
har ya ɓace.

"Ɗauko kwalin birkin nan, ajiye masa a gefe.
Allah ya sa shi zai zo karɓa."