Takardar Wara

Wara ta dawo daga makaranta da takarda a cikin hula,
ta ajiye min kusa da tukunyar dankali.
"Baba, ranar Laraba masu allura za su zo.
A nan ƙasa za ka sa hannu."

Karatuna bai wuce na kuɗin kifi ba.
Ita ta karanta, tana bin layi da yatsa,
har ta iso kan sunan da na riga ta sani:
sankarar bakin mahaifa.

Na ajiye komar da nake ɗinki.

Shekara bakwai ke nan.
Damina biyu Fermina tana ɓoye min jinin,
tana wanki da asuba a bakin Titikaka,
inda ruwa ke yankan hannu kamar aska.
Da na gane, muka sayar da tumaki huɗu,
muka hau motar Puno.
Likitan bai ɗaga murya ba.
Ya ce, da ta zo gwaji da wuri.
Wannan "da" na ɗauko na kawo gida,
ya fi buhun gishiri nauyi.

Maƙwabcina Kasimiro ya ce kar in yarda,
wai allurar tana ƙafar da haihuwa.
Na ce, kabarin da ke bayan coci fa,
'ya'ya nawa ya haifa?
Ya yi shiru.
Ban ji daɗin bakina ba.

Duk da haka na taka har ɗakin magani.
Ma'aikaciyar ta ce ƙwayar cuta ce,
a shimfiɗa ake ba juna,
namiji na yawo da ita bai sani ba,
ta kwanta shekaru a jikin mace kamar ta mutu.
Na buɗe baki in tambaya ko ni ne.
Sai na tambaye ta ko allurar da zafi.

Da dare na hura wa biro numfashi, sanyi ya daskarar da shi.
Na rubuta sunana harafi harafi,
ya karkace kamar kwalekwale a iska.

Laraba Wara ta shigo da auduga a damtse,
tana kumbura baki,
wai hannun ya yi tsami, yau ba ta jan igiya.
Goshin uwarta sak, idan ta yi fushi.

Na ce ta zauna.
Ni kaɗai na jawo jirgin gaɓa.