Ɗayan Da Ba Ta Ƙarewa

A Jega, bayan tashar mota,
cikin shagon da injin Arzika ke tari kafin ya kama,
na zaunar da Kawu Nomau gaban kwamfuta.
Shekara arba'in yana zane a jikin manyan motoci,
zaki da dawisu, da takobi mai tsaga gajimare.
Yanzu tsani ya fi ƙarfin gwiwarsa.
Masu albasa na Aliero kuwa tambari suke so,
ɗan mitsitsi, mai zama a fuskar waya
kamar ƙuda a gefen faifai.

Na buɗe manhajar zane, na shiga ɗakin saiti.
Ya ce, "Mi a wanga?"
Na ce, "Nan ake shimfiɗa tabarma kafin a zauna."

Girman fili: gida talatin da biyu a tsaye,
talatin da biyu a kwance.
Ya yi dariya har hula ta karkace,
wai fangalin albasar yaro ya fi wannan faɗi.
Na kunna layukan raga, suka fito sirara kamar yanar gizo,
na ƙara musu duhu saboda idonsa,
na zuƙo filin ninki goma sha shida
har kowane ɗigo ya koma tubali.

Bayan hoto: fari, ko baƙi, ko babu.
"Babu fa?"
Na nuna masa gidajen dara masu toka-toka,
shaidar wurin da ba a shafa wa komai ba.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce bai taɓa sanin babu ma tana da riga ba.

Launi kuma, akwatin ya cika ya batse,
ya ce a bar masa shida,
waɗanda ya san warinsu a gwangwani.
"Jan albasa ni ka haɗa abina."

Ajiyar aiki: duk bayan minti nawa?
Na rubuta biyar.
Injin Arzika ya yi shaƙuwa a waje, fanka ta rage gudu.
Muka dubi juna.
Na goge, na rubuta biyu.

Sai muka iso layin ƙarshe:
sau nawa za a iya janye kuskure?
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
Ya ba ni labarin wata tirela
da hannunsa ya zame a idon zakinta ranar wata Juma'a,
shekara tara tana zuwa Ikko tana dawowa,
zakin na hararsa da ido guda
duk sa'ad da ta ratsa gari.
Bai ambaci babana ba,
da maganar gonar da ta raba su har aka kai shi makwanci.
Ni ma ban ambata ba.

"Sa ɗaya," in ji shi.
"Hannun da ya san da hanyar komawa ba shi natsuwa."
Na ce to.
Ya juya yana neman goro a aljihu,
na ƙara sifili biyu.

Daga hantsi har la'asar yana jera tubali,
linzami na masa gardama kamar jakin aro.
Albasa ta yi ciki, ta yi wuya, ta fid da ganye uku.
Da muka mayar da ita girmanta na gaskiya
ba ta wuce ƙwayar wake ba,
amma kana gani idonka zai so ya yi ƙwalla.
Wurin sa hannu babu,
sai ya ɗiga baƙi guda a kusurwar ƙasa,
ya ce sunansa ke nan.

Ina naɗe waya zan rufe shago,
ya tsaya bakin ƙofa yana laluben takalmi,
bai ko waiwayo ba:
"Ke Hantsi, ɗayan nan taki
tun ɗazu nike danna ta,
ba ta ƙarewa."